Sabon gida ne, ko kwana ba a yi a ciki ba: sai an kira injiniya?

Wata baiwar Allah ta rubuto daga Gombe, ga abin da ta ce:

"Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce. Maigidana ya rasu bara, ya bar ni da yara huɗu a gidan haya. An biya haƙƙoƙinsa na wurin aiki, an raba gado, muka yi shawara da yayansa a haɗa kason yaran da nawa a saya musu gida. Shi ya samo mana wani sabon gida a Tumfure, ɗaki uku da falo. Amininsa ne ya gina don sayarwa, a watan Fabrairu aka gama, ko kwana ɗaya ba a yi a ciki ba. Har mun ba da kafin alƙalami. Wata abokiyar aikina ta ce in kira injiniya ya duba kafin a cika kuɗi. Da na faɗa wa Baffan yara sai ransa ya ɓaci. Ya ce tsohon gida ake dubawa, sabo me za a gani, kuma wannan zargin amininsa ne da ɓarnar kuɗin marayu. Ba na son mu ɓata, shi ke tsaye a kanmu. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari, ke kuma ya ba ki ladan riƙon marayu.

Amsata ba ta da kwana-kwana: ki kira injiniyan, kuma kafin a cika kuɗin nan. Abokiyar aikinki shawarar arziki ta ba ki. Na lura dai damuwarki biyu ce a haɗe, ta gidan da ta Baffa, kuma ta Baffa ce ta fi hana ki barci. Zan zo kanta. Bari in fara da maganarsa ta cewa sabo ba a dubawa, don mutane da yawa haka suka ɗauka, ni ma a da haka na ɗauka.

Tsohon gida ya riga ya faɗi abin da ke cikinsa. Damina goma ta sauka a kansa. Inda yake yoyo silin ya yi tabo, inda ƙasa ta motsa bango ya tsage, inda kwata take toshewa maƙwabta sun sani. Ko yaro ya shiga zai gani. Sabon gida kuwa bai ce komai ba tukuna. Gidan da aka gama a Fabrairu ko ɗigon ruwan sama bai taɓa kwanonsa ba. Ba a taɓa kunna firji da dutsen guga da injin jan ruwa lokaci guda a wayarinsa ba. Ba a taɓa yin wanka mutum biyar a jere a banɗakinsa ba. Abin da idonki ya gani ranar da aka zaga da ku fenti ne da tayil da silin, su kuma aikinsu ke nan, su rufe abin da ke ƙarƙashi, mai kyau ne ko marar kyau.

Ni ganau ne. Shekarun baya na shiga wani sabon gida, ni na fara ɗaura masa labule. Wata biyu ba a cika ba sai gindin bangon da ya raba banɗaki da ɗakin yara ya fara duhu. Fenti ya kumbura, wani farin gari kamar kanwa ya riƙa fitowa, katifar yara ta ɗauki warin danshi, ƙaramarsu ta kama tari. Da aka fasa tayil sai ga mahaɗin bututu guda ɗaya da ba a sa masa gam ba, an cusa kawai an rufe da siminti. Tun ranar da muka tare yake tsiyaya cikin bango. Aikin minti biyu ne aka tsallake, ya jawo fasa rabin banɗaki, kuma irin tayil ɗin ba a sake samunsa a kasuwa ba.

Bayan wannan ne na roƙi wani injiniya ya zo ya duba sauran gidan. Ba zan manta ba, makulli ya ciro daga aljihu, ya durƙusa a falo yana ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ba da sauti a cike, wani ya amsa kamar an daki ƙwarya, alamar babu siminti a ƙarƙashinsa sai a kusurwoyi. Ya sa alli ya yi wa goma sha ɗaya alama. Sannan ya sa tsani ya shiga cikin silin da rana tsaka, ya kashe tocila, ya ce in hawo. Na leƙa kaina cikin wannan zafin, sai ga hasken rana yana shigowa ta ƙananan huji a jikin kwano, wuraren da kafinta ya buga ƙusa ta kuskure katako, ya zare, ya bar ramin. Duk wannan rabin yini ya ɗauke shi. Da kafin in biya kuɗi ya zo, mai gidan ne zai gyara.

Ki lura, ban ce aminin Baffa macuci ba ne, kuma kada ki bari a sa wannan magana a bakinki. Mai gina gida don sayarwa ba shi ke kwaɓa siminti ba. Hannu nawa ne suka taɓa gidan nan? Mai buga bulo, birkila, leburori, kafinta, mai ɗaure rodi, mai wayarin, mai famfo, mai tayil, mai fenti. Kowa ya yi nasa ya karɓi kuɗinsa ya wuce, na baya ya rufe aikin na gaba. Mai gidan yakan leƙo da yamma, ya ga gini ya ƙara tsawo, ya yi hamdala. Yana iya rantse miki da zuciya ɗaya cewa ya sayi kaya masu kyau, kuma gaskiya ya faɗa, amma bai san abin da aka yi da su da ƙarfe goma sha ɗaya na rana ba.

Ɗauki bulo. Buhun siminti kilo 50 ne, amma akwai mai jan sa ya fitar da bulo fiye da kima, har ya zama yashi ne ya fi yawa. Irin wannan ko da ƙusa aka karce shi zai riƙa zuba, amma in aka yi masa fulasta ba ki da yadda za ki gane. Ɗauki kankare. Sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi, kuma yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7 bayan an zuba. To ke kin san yadda ruwa yake a unguwannin bayan gari a Gombe, da tanka ake saye. Gidan da aka gama a Fabrairu kuwa da hunturu aka gina shi, lokacin da iska take busar da siminti tun bai kama ba. In an yi tsumulmular ruwa a nan, ginshiƙi da linta ba za su kai ƙarfinsu ba har abada. Ga rodi, inda ya kamata a sa mai kaurin milimita 16 a sa 12, inda ya kamata 12 a sa 10. Ga ledar da ake shimfiɗawa kafin a zuba daɓe don ta tare danshin ƙasa, wadda sau da yawa ake tsallake ta don ba mai gani.

Ba tsorata ki nake yi ba. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutum fiye da 40, ba a ma gama gina shi ba, wannan ya isa ya nuna sabunta ba ta tsare gini. Amma gidan ƙasa irin naku ba kasafai yake ruftawa ba. Abin da ya fi yawa shi ne ya riƙa cin kuɗi a hankali, bana silin, baɗi sokawe, wata shekarar katanga. Mai albashin malanta da yara huɗu, wadda ta zuba duk abin da take da shi a sayen gidan, ina za ta samo na wannan? Abin da nake jiye miki ke nan.

Sai ƙasar da gidan yake kai, wadda a Gombe ba abin wasa ba ce. Duk wanda ya zauna garin ya san kwari, ya san yadda zaizayar ƙasa take cin unguwa tana matsowa gida-gida, kuma manya ba su manta da ambaliyar Agustan 2004 ba. Ruwa daga tudun yamma yake gangarowa cikin gari, kuma sababbin unguwanni sukan riga magudanan ruwa zuwa. Da rani fili yakan yi kyau, shafe kamar faranti, alhali hanyar ruwa ce. Wani filin tsohon rami ne da aka cike da ƙasa da shara, in ba a danne cikon sosai ba zai zauna bayan damina ɗaya ko biyu, gini ya bi shi. A wasu sassan kuma laka ce, mai kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke ta dare da rani, tana ɗaga harsashin gini tana saukewa har bango ya tsage daga kusurwar taga. Injiniya zai duba tsayin daɓen gidan a kan titi, ya ga inda ruwan tsakar gida zai fita, in ya ga dalili ya sa a tona gefen harsashi ya ga zurfinsa. Ke kuma akwai aikin da ya fi dacewa da ke: ki shiga gida biyu ko uku na maƙwabta, ki gaisa da matan, ki tambaye su ina ruwa yake bi a watan Agusta, kuma me ke wurin kafin a yi ginin. Mata ba sa ɓoye wa 'yar'uwarsu irin wannan.

Rufi ma haka. Iskar farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, kowace shekara sai ta yaye kwanon gidaje a wannan yanki. Abin da ke riƙe rufi shi ne yadda aka ɗaure katakon da jikin ginin da ƙarfe, ba yawan ƙusa a kwano ba, kuma sai an shiga silin ake ganin wannan. A can ne kuma za a ga ko an shafa wa katakon maganin gara, ko ɗanye aka sa wanda zai bushe ya karkace. In gidan irin na yayi ne, wanda ake ɓoye kwano a bayan bango, a duba magudanar da ke can sama da kyau. In ta yi ƙanƙanta ko ba ta da gangara, ruwa ba ya da wurin zuwa sai cikin ɗaki.

Wuta ita ce na fi so a tsananta a kanta, don ita ba kuɗi kaɗai take ci ba. Wayar ƙwan fitila daban, mai kaurin da masu wayarin suke kira 1.5, ta soket 2.5, ta na'urar sanyaya ɗaki ko ta dafa ruwa 4 ko fiye. In aka ja siririya inda ake son mai kauri, ko aka sa jabu wadda tagullarta kaɗan ce, za ta riƙa zafi a cikin silin, kusa da busasshen katako, kuna barci. Mai dubawa zai buɗe akwatin rarraba wuta, ya kwance soket biyu ko uku, ya gwada ko an binne ƙarfen da ke kai wuta ƙasa in an samu matsala, ya ga kuma yadda aka raba layin janareta ko na sola da na wutar gari. Wannan aikin ma'aikacin lantarki ne mai shaidar NEMSA, hukumar da ke kula da ingancin aikin lantarki, ba kowane mai riƙe da filaya ba.

Na ruwa kuwa gwajinsa ba wuya, haƙuri kawai yake so. A buɗe duk famfunan gidan, a ja ruwan kowane masai sau da yawa, a bi a ga ina yake fita. A toshe makwararar banɗaki a tara ruwa ya kwana, gobe a duba bayan bango. A buɗe murfin sokawe a leƙa. In akwai burtsatse ko tankin ƙasa na ajiye ruwa, a auna tazararsa da sokawe, kada ta gaza mita 15, in ta fi haka ya fi. Ruwan da yaranki za su sha ke nan.

Wa za ki kira? Injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya tun 1970, ko maginin da ya yi karatun aikin yake da rajista da CORBON, hukumar rajistar magina. Ki tambayi lambar rajistarsa, mai ita ba ya jin haushin tambaya. In ba ki san kowa ba, ƙungiyar injiniyoyi ta NSE tana da reshe a Gombe. Sharaɗi ɗaya ne ba na son ki sassauta: kada ya zama mai gidan ne ko dillali ya kawo shi. Ku yi cinikin ladansa tun farko, kuma ya ba ki rahoto a rubuce da hotuna da sa hannunsa, ya rarrabe abin da yake haɗari, da abin da zai ci kuɗi nan gaba, da abin da ado ne kawai. Ki sani kuma ba ya ganin cikin bango duka. Yana da na'urar gwada ƙarfin kankare da ta gano rodi da ta auna danshi, amma wani abin sai zama. Duk da haka abin da zai kama a rabin yini ya fi abin da ni da ke da Baffa za mu kama a wata guda.

Takardu ba aikinsa ba ne, amma kada a bar su. A kai takardar filin ofishin GOGIS, mai rajistar filaye a jihar Gombe, a tabbatar da ita, a nemi shaidar izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha, a ga ko abin da aka gina ya yi daidai da zanen da aka amince da shi. Izinin gini dai izini ne, ba shaida ba ce cewa an yi aikin da kyau. Tunda kuma kuɗin gado ne, a rubuta sunan kowane yaro da kasonsa, da naki, a gaban shaidu.

Yanzu Baffa.

Ki yi masa uzuri. Mutum ne da ya rasa ƙaninsa, ya ɗauki nauyin 'ya'yansa, ya yi ta yawo har ya samo gida, ya sa amincinsa a ciki. Da kika ce injiniya, abin da kunnensa ya ji shi ne ba ki yarda da zaɓinsa ba, kuma za a sa shi jin kunya a gaban amininsa. Ba gidan yake karewa ba, fuskarsa yake karewa, kuma fuskar tasa abin karewa ce. Don haka kada ki yi masa maganar ta waya, kada kuma a gaban mutane. Ki je gidansa, ki gaishe shi yadda kika saba, ki fara da godiya, don ya cancance ta. Sannan ki ce masa wani abu kamar haka: "Baffa, ni ba amininka nake zargi ba, ma'aikatan da suka yi masa aiki ne ba mu sani ba, shi ma ba a gabansa aka yi komai ba. Kuɗin nan na marayu ne, ni da kai za a tambaya. Ina so ranar da suka girma mu nuna musu takarda mu ce mun duba kafin mu saya. Ladan injiniyan daga albashina zan biya, ba za a taɓa nasu ba. Kuma ina roƙon kai za ka jagorance shi, ni ina bayanka."

Wannan na ƙarshen shi ne mabuɗin. Ki mayar da shi shugaban dubawar, kada ya zama wanda ake dubawa. Ki kuma nuna masa a hankali cewa shi wannan abu zai fi tsarewa. In aka tare, baɗi bango ya tsage, ba injiniya za a ambata a dangi ba, cewa za a yi Baffa ya haɗa kai da abokinsa sun sayar wa marayu ruɓaɓɓen gida. Ƙarya ce, amma za a faɗa, kuma abotarsu ta shekaru ba za ta tsira ba. Gyaran da aka nema kafin biya ciniki ne. Wanda aka nema bayan biya rigima ce.

In ya kawo maganar cewa duba kayan Musulmi rashin kyautata zato ne, akwai amsa mai taushi. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannunsa cikin tarin, yatsunsa suka ji danshi. Ya tambaya, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Saman tarin lafiya lau yake, sai da aka sa hannu ciki. Allah kuma ya ce kada a kusanci dukiyar maraya sai ta hanyar da ta fi kyau. Ba da sigar wa'azi za ki faɗa masa ba, ya girme ki. In kin ga bakinki ba zai iya ba, ki roƙi mahaifinki ko yayanki ko limamin da yake jin maganarsa su zauna da shi.

In rahoto ya fito, ƙananan abubuwa irin tayil da famfo da hujin kwano a rubuta su, mai gidan ya gyara kafin a cika kuɗi, ko a rage kimarsu daga farashin. In babba ne, na harsashi ko na hanyar ruwa, kada son tarewa ya rufe miki ido, gara wata shekarar a haya. Ko da komai ya fito lafiya, ki nemi a riƙe wani ɗan kaso na kuɗin a hannun wanda kuka yarda da shi duka, har damina ta wuce. Ba baƙon abu ba ne, a kwangilar gini ana riƙe kashi 5 ko 10 cikin ɗari na wasu watanni saboda irin wannan. A rubuta, kowa ya sa hannu.

In kuma mai gidan ya ce sam ba za a shigo masa da injiniya ba, alhali an bi shi ta girma da arziki, to ki dakata da biya, ki nemi a zauna kan kafin alƙalaminku. Ina kyautata zaton ba za a kai nan ba, don wanda ya san ya kashe kuɗi a gininsa yakan so a gani.

Allah ya zaɓa muku mafi alheri. Ranar dubawa ki je da kanki, ki tafi da babban ɗanki ya riƙe tocila ya ga yadda ake yi. Ki roƙi Baffa ya sa a cika tankin gidan tun jajibiri, a kuma tanadi janareta ko da ba a kawo wuta ba, don ba a gwada famfo da busasshen tanki.